Tambayoyi da amsoshi kan neman adimishan a manyan jami'o'in waje

Duk shekara da zarar sakamakon WAEC ya fito sai tambayoyin nan su fara zuwa, daga ƙannenmu da suka gama sakandare da kuma iyayensu, kuma kusan iri ɗaya ne kullum, shi yasa na tattara su wuri guda. Yawanci maganar digirin farko ce, kuma ta fi karkata Amurka da Ingila saboda can ne aka fi tambaya a kai.

Yaya, ina da A1 bakwai a WAEC. Harvard za su ɗauke ni?

Masha Allah ƙanena, A1 bakwai ba wasa ba ne. Amma gaskiya babu wanda zai iya ce maka eh, kuma duk wanda ya lissafa maka ya ce damarka kashi kaza ce to ƙirƙira kawai ya yi. A 2024 mutum sama da 54,000 ne suka nemi shiga Harvard, waɗanda aka ɗauka ba su kai 2,000 ba, kashi 3.6 cikin 100 kenan, kuma cikin waɗanda aka bari akwai dubbai da sakamakonsu ya kai naka ko ya fi. Sakamakon nan zai sa a zauna a karanta fom ɗinka da kyau. Daga nan kuma sai a duba sauran abubuwa: rubutunka, abin da malamanka suka ce a kanka, abin da kake yi idan an tashi daga makaranta, da kuma maganar kuɗi wadda za mu zo kanta.

Toh wannan kashi 3 ko 4 ɗin da suke bugawa, ni ma shi ne nawa?

A'a, naka bai kai haka ba, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Adadin da suke bugawa na kowa da kowa ne, ɗan ƙasa da baƙo a haɗe. Kujerun baƙi a yawancin irin waɗannan makarantu ba su wuce kashi 10 zuwa 15 na ajin ba, kuma duniya ce gaba ɗaya take rububinsu, Sin da Indiya da Koriya da Birazil da Kenya da Ghana da mu. MIT tana cikin masu raba lissafin a fili, gaba ɗaya tana ɗaukar kashi 4 zuwa 5, amma in ka ware baƙi kaɗai sai kaga abin ya sauko kusan kashi 2.

Sannan yawanci jami'in da ke kula da yankinmu ne zai fara karanta takardunka, wato yana kallonka ne kusa da sauran masu nema daga Najeriya da maƙwabta, ciki har da yaran makarantun kuɗi na Legas da Abuja da suka yi A-Level ko IB, wato jarabawar gama sakandare irin ta ƙasashen waje, kuma suna da malami na musamman da aikinsa kenan shirya su. Wannan ba dalilin karaya ba ne, don makarantun nan suna auna mutum da irin damar da ya samu, yaron da ya fito daga makarantar gwamnati a Gumel ko Potiskum da sakamako mai ƙarfi yana da abin da zai ja hankali wanda wancan ba shi da shi. Kawai dai ka san filin da ka shiga.

Za ka ji ana cewa ai 'yan Najeriya wajen 20,000 ne suke karatu a Amurka, gaskiya ne haka lissafin 2023/2024 ya nuna, kuma mu ne kan gaba a Afirka, sai dai da yawansu mastas da PhD suke yi kuma mafi yawa ba a Harvard ko Stanford suke ba.

Ba mu da kuɗi. Neman tallafi yana rage wa mutum dama?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Kuɗin shekara ɗaya a manyan jami'o'in Amurka masu zaman kansu, in an haɗa da ɗaki da abinci da littattafai, ya kai dala 85,000 zuwa 90,000 ko sama. Ka buga shi a naira sau huɗu, na shekara huɗun digiri, ka gani. Kusan dukkanmu masu neman cikakken tallafi ne.

Makarantun sun kasu. Akwai 'yan kaɗan da ba sa leƙa aljihunka sam lokacin yanke hukunci, sai sun gama ɗaukarka sannan su duba abin da gidanku zai iya biya su cike sauran. Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst sun daɗe a haka, Dartmouth da Bowdoin suka shigo a 2022, sai Brown da Notre Dame da Washington and Lee daga baya. Harvard ma ta sanar a 2025 cewa wanda kuɗin shigar gidansu bai wuce dala 100,000 a shekara ba komai kyauta ne, kuma baƙo yana cikin tsarin tallafinsu kamar ɗan ƙasa. Kaga ga talaka waɗannan su ne mafi arha a duniya, amma fa kowa ya san haka, shi yasa duk wani yaro mai ƙoƙari marar kuɗi daga Nefal zuwa Nijar can yake turawa.

Kashi na biyu su ne masu duba aljihu. Stanford, Columbia, Cornell, Penn da mafi yawan sauran duk haka suke wa baƙo. Suna da kuɗin tallafi, kuma in sun ɗauke ka da yawansu za su biya maka abin da kake buƙata, amma kasafin da suka ware wa baƙi yana da iyaka, don haka yaro biyu masu sakamako iri ɗaya, ɗaya babansa zai biya duka ɗaya yana neman komai, na farkon ya fi dama nesa ba kusa ba. Abin ba daɗin ji amma haka yake.

Kashi na uku jami'o'in jihohi ne kamar na California, su ko sun ɗauke ka ba su da tallafin buƙata ga baƙo a digirin farko. In ba ku da kuɗin, kar ka ɓata kuɗin fom a can.

In na ce ba na neman tallafi don a ɗauke ni, daga baya in nema fa?

Kar ka soma. Makarantu da yawa sun rubuta ƙarara cewa baƙon da bai nemi tallafi tun farko ba, ba zai iya nema daga baya ba har ya gama. Kuma kafin su ba ka takardar I-20 da zaka je neman biza da ita sai ka nuna shaidar kuɗin shekarar farko. Sai ka tashi da takardar adimishan a hannu ba hanyar tafiya.

Babana ɗan kasuwa ne, ba shi da takardar albashi. Ya zan cike fom ɗin tallafi?

Fom ɗin da aka fi amfani da shi CSS Profile ne, dala 25 makarantar farko sai 16 kowace ƙari, wasu makarantun suna ba da lambar yafewa in ka rubuta musu, Princeton kuma nata fom ɗin daban ne kuma kyauta. Zai tambayi kuɗin shigar uba da na uwa, gida, gona, mota, ajiyar banki, mutum nawa ake ciyarwa, yara nawa ke makaranta. Mu kuma kun san gidajenmu, Alhaji yana da rumfa a kasuwa, ciniki wani wata ya yi kyau wani wata shiru, ana noma ana cin rabi a sayar da rabi, gidan mutum ashirin ne har da ƙannen baba da 'ya'yan marigayi yayansa. Toh ku zauna da Baba da biro da takarda ku lissafa na shekara guda da gaskiya, a ciro bayanan banki, a rubuta wasiƙa gajera ya sa hannu yana bayanin sana'arsa, sannan akwai gurbin ƙarin bayani a fom ɗin, nan zaka faɗi yawan mutanen da ke wuyansa da yadda faɗuwar naira ta cinye jarin. Na san iyayenmu ba sa son faɗa wa yaro abin da suke samu, sai an bi da ladabi, ko a sa wani babba a gidan ya yi maganar. Kar a rage kar a ƙara, in lambobin suka saɓa da na banki za su tambaya.

SAT, jarabawar nan ta lissafi da Turanci ta shiga jami'o'in Amurka, dole ce?

Lokacin korona kusan kowa ya ce ba dole ba, amma an fara komawa. MIT ta dawo da shi a 2022, sai Dartmouth da Brown da Harvard da Caltech a 2024, wasu ma sun biyo baya. Ko a inda ba dole ba ni shawarata ka yi, saboda jami'in da ke Amurka bai san makarantarku ba, bai san ko 85 ɗin da malaminku ya ba ka a lissafi mai tsauri ce ko ta kyauta ba, SAT shi ne ma'aunin da ya sani. Makin ƙarshe 1600 ne, waɗanda manyan nan suke ɗauka yawanci daga 1500 suke zuwa sama. Yanzu a kwamfuta ake yi, kuɗin rajista ya haura dala 100, kuma kujerun santocin Abuja da Legas suna cika da wuri, ga kuɗin mota da masauki in daga nesa kake. Atisaye kyauta ne a Khan Academy da manhajar Bluebook. Lissafin yaranmu suna ci, ɓangaren karatun Turanci ne yake kayar da su saboda lokaci, maganinsa kuma karatu ne kullum na wata da watanni, ba na sati biyu ba.

Jarabawar Turanci fa?

Ya danganta da makaranta. Wasu suna yafe wa wanda ya yi sakandare da Turanci, wasu sai TOEFL ko IELTS ko Duolingo, wannan na ƙarshen ya fi arha kuma a gida ake yi. Ka duba shafin kowace makaranta da kanka.

Ni daga Nijar nake, BAC na yi, jarabawarmu ta gama sakandare.

Ana karɓa. Sai an fassara takardun zuwa Turanci wurin mai fassara da aka amince da shi, kuma kai kam a yawancinsu jarabawar Turanci ba makawa. Ka karanta amsar biza a ƙasa kafin ka kashe ko dala ɗaya.

Makarantarmu ba kulob ba komai. Me zan rubuta a wurin ayyuka?

Common App, wato fom ɗin intanet guda da ake tura wa jami'o'in Amurka da yawa, yana da gurbi goma na ayyuka, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne yaranmu suna barinsa kusan wayam alhali suna da abin rubutawa fiye da yadda suke zato. Ƙanwata, ke da kike tashi da asuba ki haɗa wa ƙannenki biyar abin kari, ki dawo daga boko ki wuce Islamiyya inda kike koyar da ajin yara talatin, ran Asabar ki riƙe wa Umma littafin adashi da na masu bashi, duk wannan aiki ne kuma fom ɗin ma yana da rukunin hidimar gida. Haddar Alƙur'ani aiki ne na shekaru, in kin je musabaƙa ki faɗi matakin da kika kai, na ƙaramar hukuma ne ko na jiha. Kai kuma da kake zaman shagon gyaran waya bayan la'asar ko kake bin Baba gona duk damina, rubuta shi da awanni nawa a sati da shekara nawa ka yi. Abu biyu ko uku da ka daɗe kana yi sun fi goma da aka ƙirƙiro wata uku kafin tura fom, su ma sun saba ganin gidauniyar da aka buɗe a Instagram a watan Satumba.

Rubutun nan na kalma 650 da fom ɗin yake so mutum ya yi a kan kansa, in ba da labarin talauci da rashin tsaro?

In shi ne rayuwarka kuma ya canza yadda kake tunani, rubuta, ba wanda zai hana ka. Amma ka sani sun karanta dubban rubutu daga Afirka da ke farawa da karatu da fitilar ƙwai ya ƙare da zan dawo in ceto ƙasata. Su kai suke son gani a ciki, me ka lura da shi, me ka yi, me ya dame ka har ka je ka bincika. Ƙaramin abu da ka sani ciki da waje ya fi babban abu da kowa zai iya faɗa. Kar ka ba ChatGPT ya rubuta maka, kar ka ba wani yayanka mai digiri ya mayar da shi Turancin farfesa, a gyara maka kuskure dai ya isa.

Wasiƙar malamai?

Nan muke faɗuwa da yawa. Malam zai rubuta layi uku, yaro ne mai ladabi da biyayya da ƙoƙari, ya buga hatimi. Wancan yaron kuma malaminsa ya cika shafi da misalai. Ka je wurin malamai biyu da suka san ka a aji tun watan Agusta ko Satumba, ka yi musu bayanin abin da ake so, ka tuna musu abubuwan da ka yi a darasinsu, ka roƙi su faɗi matsayinka cikin ɗaliban da suka taɓa koyarwa. Ana kuma buƙatar wani daga hukumar makaranta ya tura sakamakonka na aji-aji, yawanci daga JSS3 zuwa SS3, ya bayyana irin makarantar da yawan ɗalibanta. Su za su tura da imel ɗinsu, ba kai ba.

Turawa da wuri yana ƙara dama?

Zagayen farko yana rufewa 1 ga Nuwamba a yawancinsu, amsa tsakiyar Disamba, na gama-gari kuma farkon Janairu, amsa ƙarshen Maris. Kason da ake ɗauka a zagayen farko ya fi yawa, gaskiya ne, amma a cikinsa akwai 'yan wasan da aka riga aka zaɓa da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. Zagayen farkon da aka rubuta wa ED, wato Early Decision, ɗauri ne, in sun ɗauke ka sai ka janye daga ko'ina, ba ka da damar gwada tallafinsu da na wasu, sai dai in kuɗin da suka ba ka bai isa ba za a iya sakinka. In SAT ɗinka da rubutunka ba su nuna ba a Oktoba gara ka jira Janairu.

Oxford da Cambridge fa?

Tsarinsu daban ne gaba ɗaya. Ta UCAS ake nema, wato shafin neman jami'o'in Birtaniya, kwas biyar kacal, ana rufewa 15 ga Oktoba, kuma ba a neman su biyun a shekara ɗaya sai ka zaɓi guda. Ba ruwansu da ko ka iya ƙwallo, kwas ɗin da ka nema kawai suke gwada ka a kai, da jarabawar shiga a wasu kwasa-kwasan da intabiyu wajen Disamba inda malami zai ba ka tambaya ya ga yadda kake tunani. Oxford tana samun masu nema sama da 23,000 a kan kujeru wajen 3,300, a lissafi ya fi Harvard sauƙi, amma WAEC kaɗai ba ta isa ba, sai A-Level da A a komai ko IB. Ga kuɗi kuma, baƙo yana biyan daga fam 35,000 zuwa sama a shekara banda ci da kwana, sikolashif ɗin digirin farko irin su Reach Oxford mutum biyu ko uku ake ba a shekara. Ingila ga marar kuɗi ta fi buɗewa a mastas.

Likitanci nake so.

A Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare, sai ka gama digirin shekara huɗu sannan ka nema, kuma makarantun likitanci kaɗan ne ke ɗaukar baƙo. A Ingila ana shiga kai tsaye amma an ƙayyade wa baƙi kujeru kaɗan kuma shi ne kwas mafi tsada. In likitanci ne burinka ka riƙe JAMB ɗinka da hannu biyu.

Makaranta nawa zan tura wa, kuma waɗanne?

Common App yana barin har 20, kowace kuɗin fom wajen dala 75 zuwa sama a manyan, amma akwai yafewa ga marar hali, ka nema ba abin kunya ba ne. Kuskuren da na fi gani shi ne yaro ya jera sunaye takwas da ya saba ji a labarai ya tsaya nan. Ka fara da tambayar wa zai biya min, sannan ka gina jerin. Ka sa biyu ko uku cikin manyan, ka ƙara ƙananan kwalejoji masu kuɗi da mutanenmu ba su san sunansu ba irin su Williams, Grinnell, Colby, Macalester, da Berea ta jihar Kentucky wadda ba ta karɓar kuɗin karatu. Akwai NYU Abu Dhabi, reshen Jami'ar New York da ke Abu Dhabi. A Kanada akwai sikolashif ɗin Lester B. Pearson na Jami'ar Toronto, mutum wajen 37 a shekara kuma sai makarantarku ta gabatar da kai. Akwai shirin Mastercard Foundation da ke biyan komai a jami'o'i da dama har da Ashesi da KNUST a Ghana. Akwai na gwamnatin Turkiyya da ake buɗewa Janairu zuwa Fabrairu, da karatu da masauki da tikiti da shekarar koyon yare. Ga mai neman cikakken tallafi babu wadda za a ce tabbas ce ko ɗaya a cikinsu.

Wani ejan ya ce in na biya zai samo min.

Babu ejan da ke da hanya a Harvard ko Oxford. Wanda ya ce zai gyara maka sakamako ko ya haɗa maka takardar banki zai jawo maka kora ko haramcin biza. EducationUSA, ofishin gwamnatin Amurka na masu neman karatu a can, suna ba da shawara a Abuja da Legas, kuma suna da shirin da ke taimaka wa masu ƙoƙari marasa hali da kuɗin jarabawa da na fom.

Malam, 'yata ce take son nema. Hijabinta da addininta ba za su hana a ɗauke ta ba?

Ba za su hana ba Hajiya, in sha Allah. Manyan jami'o'in nan suna da ƙungiyar ɗalibai Musulmi da wurin sallah, wasu kamar Harvard da Yale da Princeton har limami suka ɗauka aiki. Kafin ta karɓa ku tambayi tsarin ɗakunan kwana da maganar abincin halal, ku nemi wata ɗaliba Musulma a can ta yi magana da ita, akwai kuma kwalejojin mata zalla masu ƙarfi da ke ba baƙi tallafi kamar Wellesley da Smith da Mount Holyoke.

In an ɗauke ni, biza tabbas ce?

Ko kusa. Adimishan daban, biza daban. A watan Yunin 2025 gwamnatin Trump ta sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka hana shiga Amurka, a Disambar 2025 aka faɗaɗa jerin ya haɗa da Nijar, Najeriya kuma aka sa ta cikin waɗanda aka taƙaita wa biza har da ta ɗalibai. Irin waɗannan dokoki suna canzawa, don haka kafin ka biya kuɗin SAT ma ka shiga shafin ofishin jakadancin Amurka na ƙasarku ka ga halin da ake ciki, kuma kar jerin makarantunka ya zama na ƙasa ɗaya. In an ɗauke ka biza ta gagara, ka rubuta wa makarantar ka tambayi ko za su ajiye maka kujerar zuwa baɗi.

Duk sun ƙi ni. In sake nema baɗi?

Zaka iya, in akwai abin da zai canza, kamar SAT ya tashi sosai ko ka gyara jerin makarantun. Ka lura dai, in ka shiga jami'a a gida ka fara karatu, makarantun Amurka da yawa za su kalle ka a matsayin mai canjin makaranta, kuma nan kujeru da tallafi sun fi ƙaranci. Ni a ganina zaman shekara biyu ana jira bai da amfani, ka shiga BUK ko ABU ko duk inda ka samu, ka fito da fes kilas ko 2.1 mai ƙarfi, ka manne wa malamin da ke bincike ka yi aiki da shi. A matakin PhD jami'o'in Amurka masu ƙarfi yawanci su suke biyan kuɗin karatu su ba ɗalibi alawus, a Ingila kuma akwai sikolashif ɗin mastas na Chevening da ke neman aikin shekara biyu, da Commonwealth, da Gates Cambridge, da Rhodes mai gurbin Afirka ta Yamma, mu kuma a gida akwai sikolashif ɗin PTDF na gwamnatin tarayya ga masu kwasa-kwasan da suka shafi mai da gas.